Biniya ko fomaika a cikin tirelar tafi-da-gidanka

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni: mai tirelar nan ta kwana a ciki da aka jawo mana yana so a sake masa fuskar kabad-kabad da biniya, wato siririn fallen katako, me zai hana mu manna masa fomaika mai zanen katako mu huta, tunda ba ta tsoron ruwa? Gajiya ta hana ni ba ka amsa, ga ta yanzu.

Fara da sanin abin da ke gabanka. Mafi yawan tirelolin nan a yankin Elkhart na jihar Indiyana ta Amurka ake ƙera su, kuma babban abin da masu ƙerawar ke gudu shi ne nauyi. Shi ya sa bangon ciki filawud ne siriri, kaurinsa kamar milimita 3, an lulluɓe shi da leda ko takarda mai hoton katako. Ƙofofin kabad kuwa sau da yawa garin katako ne aka matse. Idan ka cika motar da katako mai kauri, tayoyi da gatarin ƙafa ne za su biya kuɗin. Biniya ita ce mafita: katako ne na gaske da aka yanko siriri, wajen milimita 0.6, falle mai ƙafa 4 da 8 kana naɗe shi kamar tabarma ka ɗauka da hannu ɗaya.

Fomaika hoto ce. Ka jera ƙofofi shida, za ka ga ido ɗaya na itace yana maimaita kansa, ga baƙin layi a kowane gefe. Ranar da ta ɓantare kuma ba gyara sai canji. Biniya in ta karce, ka goge a hankali ka sake shafa mata banish ta dawo. Tana kuma bin lanƙwasa ba gardama. Ka taɓa leƙa cikin tsohuwar tirela ƙirar Shasta ko Spartan ta shekarun 1950? Bangon nan mai launin zuma da mutane ke mutuwar so, fuskar katako ce ta gaske da aka shafe. Abin da mai motarmu yake nema ke nan, ko da bai iya faɗa ba.

Sai dai biniya tana numfashi. Tirela kuwa ba ɗaki ba ce: ta wuni a rana kamar tanda, ta kwana a sanyi, a dafa abinci a ciki tururi ya cika ta, sannan ta yi ta girgiza a kan titi. Aikina na farko a irin wannan mota, kan ledar kai tsaye na manna, don sauri. Zafin bazara ɗaya ya wuce mai ita ya dawo, ƙofofin duk sun yi bororo. Gam ɗina bai saki ba, ledar ce ta saki garin katakon ta taso da aikina gaba ɗaya. Da kuɗin aljihuna na sake.

Don haka ledar nan sai ta fita. Ka hura mata zafi da na'urar busa iska, ka ɓare, ka kankare ragowar gam, ka cike ramuka. Kafin ma wannan, danna bango da yatsa kusa da tagogi da kusurwoyin rufi. Inda ya lotsa, ruwa na shiga, kuma babu biniyar da za mu sa sai an toshe yoyon an canza ruɓaɓɓen filawud.

Ka sayo biniya mai takarda a bayanta. Tsurarta ba ta jituwa da gam irin wanda muke cewa ebostik a gida, tsagewa take yi. Ka warware ta a cikin motar ta kwana biyu ta saba da iskar wurin. Shafa gam a fuska biyu, jira har ya daina kama yatsa, ka jera siraran sanduna a tsakani, kana zare su ɗaya bayan ɗaya, domin inda ta taɓa nan ta zauna. Sannan ka bi ta da guntun katako mai sulɓin baki, daga tsakiya zuwa gefe, kana bin tsawon zanen, da dukkan ƙarfin kafaɗarka. Ƙofa kuwa ciki da waje za ka manna mata, in ba haka ba gefe ɗaya ya ja ta ta karkace. Bakin ƙofa akwai zirin biniya mai gam a jiki, dutsen guga ya ishe shi.

Wajen samfefa ka ajiye inji. Lamba 180 ko 220, da hannu, sau biyu ko uku. Ka ƙara kaɗan sai ka ga takarda ta leƙo, shi ke nan falle ya tafi.

Inda kake da gaskiya shi ne kan teburin girki da kewayen wurin wanke-wanke da banɗaki. Can fomaika za mu bar masa, ko ya yi ƙorafi. Gobe da safe ka kwance ƙofofin, ka rubuta wa kowacce lamba a ramin hinjinta, ka fara ɓare ta ƙarƙashin gado, wadda ba mai ganinta in hannunka ya kuskure.