Amsa: done() ya ce True, amma result() na karya mini shiri

Malam, ka ce ka tura ayyuka da asyncio.create_task a Python, done() ya nuna True, amma kana kiran result() sai shirin ya faɗi. Abin da ke rikita mutane shi ne, done() ba ya nufin aikin ya yi nasara. Ko ya dawo da sakamako, ko ya ci karo da kuskure, ko an soke shi, duk True zai ba ka.

Saboda haka ka fara da cancelled(). In True ne, kada ka taɓa result() ko exception(), su biyun duka CancelledError za su jefo maka. In ba a soke ba, kira exception(); duk abin da ya dawo da shi wanda ba None ba, ka adana shi a rubuce. Sai in None ya dawo da shi ne result() zai zama lafiya lau. Ka kuma lura, tun daga Python 3.8 CancelledError a ƙarƙashin BaseException yake, shi ya sa except Exception ke barin shi ya wuce. In ka kama shi da gangan, rufe abin da za ka rufe, sannan ka sake jefa shi. Haɗiye shi ne ke sa shiri ya ƙi mutuwa.

Akwai wani tarkon da ba ka tambaya ba. Madaukin asyncio (event loop, mai tafiyar da ayyukan) ba ya riƙe aiki da ƙarfi, in ba ka ajiye shi ko'ina ba, mai share ƙwaƙwalwa (garbage collector na Python) na iya kwashe shi tun bai gama ba. Zuba shi cikin set, a ce sunansa ayyuka, ka haɗa da add_done_callback(ayyuka.discard) don ya fita da kansa in ya ƙare. Saƙon nan na "Task exception was never retrieved" kuwa ba ya fitowa sai lokacin da ake share aikin, wataƙila ɓarnar ta daɗe da aukuwa.

Shi ma asyncio.wait da timeout ba ya soke ragowar da ke cikin pending, wato ayyukan da ba su gama ba da lokacin ya cika. Kai za ka kira cancel() a kan kowanne, kuma roƙo ne kawai, sai ka jira su da gather mai return_exceptions=True.

In kana kan 3.11 ko sama, ni dai TaskGroup zan ce ka koma. In aiki ɗaya a cikinsa ya faɗi, zai soke sauran, ya jira su, ya miƙo kurakuran a dunƙule cikin ExceptionGroup, ka kama su da except*.