Na canza tamostat, allon ya ƙi kawo haske

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kolombos, jihar Ohayo ta Amurka. Makon jiya na cire tsohon tamostat na gidanmu, wato na'urar bango da ke daidaita zafi da sanyin gida, na sa sabo mai haɗuwa da intanet. Na jona wayoyin bisa launinsu, amma allon ko haske bai kawo ba, ga hunturu ya kunno kai. Ban kashe wuta ba lokacin da nake aikin. Ko na ƙona injin ɗumama gidan ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, da wuya a ce injin ya ƙone. Na fi zargin fiyus.

Siraran wayoyin nan bolt 24 kawai suke ɗauka, daga wata ƙaramar taransifoma da ke cikin injin ɗumama gidan. Ba za su ji maka ciwo ba, shi ya sa mutane ke raina su. Amma idan wayar R, wadda ke kawo wutar, ta taɓa wayar C, wadda ke mayar da wutar ga taransifoma, ko da na ƙiftawar ido ne, fiyus ɗin da ke kan allon injin, wato faifan da wayoyin ke haɗuwa a cikin injin, zai yanke. Kashe wutar injin tukuna, ka buɗe murfin, za ka ga ɗan fiyus irin na mota, mai amp 3 ko 5. Ɗaga shi ga haske. In zaren ciki ya tsinke, sayo mai lamba ɗaya da shi. Kada ka sa wanda ya fi shi ƙarfi, balle ka ɗaure wurin da waya kamar yadda wasu ke yi a gida, don sai taransifomar ta biya bashin. Sannan ka mayar da murfin ya zauna daram, akwai makunni a bayansa da ke yanke wuta muddin yana buɗe.

Sai maganar launi, wadda ita ce ta fi damuna. Launi ba doka ba ne. An saba ja ya zama R, fari W na ɗumi, rawaya Y na sanyi, kore G na fanka, amma wanda ya ja wayar gidan yana iya amfani da abin da ya samu a hannu. Harafin da ke jikin maɗaurin, wato wurin da ake ɗaure kowace waya, shi ne abin bi. Tunda ka riga ka cire tsohon, in ba ka ɗauki hoto ba, duba allon injin: haruffan nan suna rubuce a can, ka ga wane launi ke kan wane harafi, ka kwaikwaya a bango.

A nan ne za ka gane ko kana da C. Tsofaffin tamostat da yawa da batir suke aiki, ba ruwansu da ita, sababbin kuwa galibi sai da ita suke samun wuta ba yankewa. Leƙa cikin ramin bangon, sau da yawa akwai wata waya a naɗe da ba a yi amfani da ita ba. Jona ta a C ta ɓangarorin biyu, wato a allon injin da kuma a tamostat ɗin. In ka mayar da wuta, ya kamata mitar gwada wuta ta nuna kusan bolt 24 tsakanin R da C.

In sabon fiyus ya sake yankewa nan take, to waya ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri, kira ma'aikaci. Haka nan in ka tarar da wayoyi masu kauri guda biyu ko huɗu a bangon, ajiye sukundireba: wannan bolt 120 ne ko 240, kuma tamostat ɗin da ka saya ba nasu ba ne.