Ku Tambayi Anti: girkin suna, gidan cin abinci da cimar yau da gobe

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan ciki suka tsaya, dan haka na zaɓo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Yayata ce ta haihu, suna ranar Asabar, kuma ni aka ɗora wa girkin mata dan Ummanmu ba ta da lafiya sosai. Muna sa ran mata kamar 60, kuɗin hannunmu kuma ba yawa. Ƙawayena sun ce in yi firaid rais da kaza da salak kar a raina mu, ni kuma ban taɓa dafa shi da yawa haka ba, tsoro nake ji. Dan Allah ki ba ni shawara. Daga ƙanwarki a Kano.

AMSA: Toh ƙanwata, da farko Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya, ya kuma tashi kafaɗun Umma. Magana ta gaskiya ni ba zan ba ki shawarar firaid rais ba, ba wai dan ba shi da daɗi ba, a'a, sai dan shi abinci ne mai saurin lalacewa, ga karas ga koren wake ga hanta duk a ciki, kin rufe shi da zafinsa a kula tun ƙarfe goma na safe, matan suna kuwa kin sani ba sa cika gida sai bayan azahar wasu ma sai la'asar. Na taɓa ganin haka da idona a gidan wata maƙwabciyata, aka buɗe kular ƙarshe wajen ƙarfe biyar, murfin yana ɗigar da ruwa, shinkafar ta fara yauƙi tana wani tsami tsami, haka nan aka kwashe ta aka zubar matar tana tsaye hawaye na zubo mata, ga baƙi a zaune a tsakar gida. Salak mai kirim kuwa ya fi shi saurin juyawa in babu firji ko an ɗauke wuta.

Ki yi waina da miyar taushe. Ba wanda ya taɓa raina gidan da aka ajiye masa waina mai laushi da miya mai kyau, kuma tana jure zama, in ta huce ma ana ci.

Ga yadda nake lissafi. Kwano ɗaya na shinkafar tuwo, kwanon Kano, yana ba ni waina kusan 100 in tandar mai matsakaicin gurbi ce. Mata 60 kowa guda biyar kin ga 300 kenan, kwano uku. Amma ki jiƙa huɗu, dan taron suna ba ya tsayawa inda aka ƙiyasta, ga yara, ga kwanukan maƙwabta da za a aika, ga dangin miji da dole a ware musu nasu daban a kula mai kyau. Ranar Juma'a da hantsi ki wanke shinkafar ki jiƙa, daga kowane kwano ki ɗebi gwangwani ɗaya ki dafa shi luguf kamar za ki yi tuwo ki bar shi ya huce, shi ne sirrin laushin. Da yamma ki tsane jiƙaƙƙiyar ki haɗa da dafaffiyar da albasa a kai inji, kuma dan Allah ki bi ɗan aiken da kanki ko ki ja masa kunne a wanke injin, sau da yawa wainar da ta ƙi tashi ko ta fito da wani ɗanɗano daban injin ne aka gama markaɗa wake ko kayan miya aka zuba miki a kai. Kar a cika ruwa wajen markaɗe, ƙullu mai kauri kina iya sassauta shi, mai ruwa kuwa sai wahala.

In an dawo ki sa yis ki juya ki rufe. Nan ne mata da yawa suke kuskure dan ba sa duba yanayin gari. Lokacin zafi irin na Maris da Afrilu awa uku zuwa huɗu ya ishe shi, in kika bar shi ya kwana zai yi tsami, sai ki jinkirta sa yis ɗin zuwa cikin dare. Da hunturu kuwa ki sa tun da wuri ki ajiye roban a ɗaki mai ɗumi ya kwana. Gishiri da sukari sai da asuba in za ki fara suya, sukarin kaɗan dan in ya yi yawa wainar ƙonewa take ta waje cikin bai nuna ba. In kin ɗanɗana kin ji tsami ya fi ƙarfi ki ɗiga ruwan kanwa kaɗan kaɗan kina juyawa. Ki nemi tanda biyu da mata biyu da suka saba, wuta ta gawayi marar ƙarfi, a fara bayan sallar asuba, ke kuma ki tsaya a kan miya.

Miyar kuma kar ki dogara da ragon suna, shi da safen ranar ake yanka shi kafin a feɗe a gyara rana ta yi. Ki sayi nama da ƙashi mai ɓargo tun Juma'a ki tafasa da albasa da citta da daddawa, romon nan shi ne jigon miyar. Kabewa ki samu jar nan mai nauyi, ki dafa ta a cikin romon ta yi laushi ki dame ta, sai jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir da kika soya da manja ko man gyaɗa, sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta ba ta kauri, alayyafo da 'yar yakuwa su ne ƙarshe, minti kaɗan ki sauke dan ganyen ya tsaya da korensa. Yakuwar ki yi a hankali da ita, in hannu ya wuce misali sai ta kashe miki zaƙin kabewar. Kayan miya in kina da mai zuwa kasuwar Yankaba da sassafe ya sayo miki a kwando ko rabin kwando, ya fi sayen kashi kashi a unguwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin sha zoɓo ya wadatar, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a ɗura a robobi a sa ƙanƙara. Kuma kar hidimar baƙi ta mantar da ku mai jego, ita a tabbatar kunun kanwarta da ƙaurinta da yajinta suna zuwa mata da zafi a kan lokaci.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni namiji ne amma ina bin shafinki. An yi min canjin wurin aiki zuwa Abuja, iyalina ba su taho ba tukuna, kuma surukina da ƙaninsa za su zo ganin likita su kwana biyu. Dattawa ne, ba sa cin abincin zamani. Ina zan kai su su ci abinci irin na gida ba tare da na ji kunya ba? Daga wani ɗanki, mutumin Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba surukin naka lafiya, kuma ka kyauta da ka fara tunanin cikinsu tun kafin su iso. Abuja ba ta rasa abincinmu ba. Shagalinku da mutanen Zariya suka daɗe da sani suna da gidan abinci a Abuja, kuma irin cimar da dattawa suke so ce, tuwo da miya da waina da fura, nan zan fara nuna maka. In dare ya yi kana son ka kai musu nama akwai Yahuza Suya, in kuma za su koma gida kana son tsaraba ka je wajen masu kilishi, ka ɗanɗana kafin a nannaɗe maka, ka kuma faɗa musu mai yaji kake so ko marar yaji.

Amma bari in gaya maka abin da ya fi sunan wuri amfani, dan gidan abinci yau yana da kyau gobe mai girkin ta tafi komai ya canza. Ka je kai kaɗai kwana ɗaya kafin su zo, da rana tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu. In ka ga wurin cike da mutane ana ta fito da tuwo yana tururi toh tukunyarsu tana juyawa, ba ɗumame za a ba ka ba. Ka sayi miyar kuka, ita ce ba ta ɓoye ƙarya, in sabuwa ce za ka ji ƙamshin daddawa ka ga kaurinta daidai, in ta kwana za ta tsinke ta yi duhu. Ka leƙa wajen wanke hannu ka ga ko akwai ruwa da sabulu, ka duba ko akwai inda za su yi sallah kusa, ka kuma tambayi farashi tun kafin ka zauna da baƙi.

Sannan ka sani dattijo irin surukinka ba lallai ya sake ya ci abinci a gaban jama'a ba, balle a gabanka kai surukinsa, akwai kunya. Da ni ce kai zan sayi kuloli biyu masu kyau, in je a zubo min tuwon shinkafa ko na masara da miya kala biyu, in kawo musu masauki in shimfiɗa ledar cin abinci in ajiye ruwa da buta in ba su wuri. Za su ci su ƙoshi fiye da a kan tebur. Kuma tunda asibiti ya kawo shi ka tambayi matarka ko an hana shi gishiri ko maiƙo ko zaƙi kafin ka sayo komai, kilishi da tsire ba kowane marar lafiya suke yi wa daɗi ba.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa. Kullum girkina shinkafa da miya, taliya, shinkafa da wake, sai in sake komowa. Maigida bai ce komai ba amma na ga yana rage ci, yara ma haka. Me zan ƙara wanda ba zai cinye kuɗin cefane ba? Daga 'yar uwarki a Maraɗi.

AMSA: 'Yar uwa ai ke a gidan dambu kike, mu nan har sha'awar dambunku da zogale muke. Ki dawo da shi ko sau ɗaya a mako, tsakin masara ko na shinkafa ki turara, ki haɗa da dafaffen zogale da albasa da ɗan ƙuli ki mayar ya ƙara turara, ki zuba soyayyen man gyaɗa da yaji. Albasa kuwa Allah ya ba ku ta Galmi, kar ki yi mata rowa. Wata ranar ki yi fate da tsaki da yakuwa da gyaɗa, tukunya ɗaya ce kin gama, ya fi daɗi ranar da aka yi ruwa ko gari ya yi sanyi. Ɗan wake da rana, kwaɗon zogale ko na rama da yamma kafin tuwo ya sauka, alale ranar da kike da lokacin surfa wake.

Wani abin kuma ba sabon abinci ake nema ba, miyar ce ta zama kala ɗaya. Tuwo ɗaya ne amma yau kuka, gobe ɗanyar kuɓewa, jibi karkashi ko zogale da gyaɗa, sai ki ga kamar an canza gida. Ki ware rana ɗaya ki daka yajinki da kanki, barkono da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa, ki zuba a kwalba, ki kuma soya man shanu da albasa ki ajiye, cokali ɗaya a kan tuwo da miyar kuka yana dawo da mai gida kan kwano. Ki kuma tambaye shi cikin hira abin da Innarsa take dafa musu suna yara, ki yi masa shi ranar Juma'a ba tare da kin sanar da shi ba.

TAMBAYA: Anti ɗan wakena kullum narkewa yake a ruwa ya zama kamar kunu, mene ne matsalar? Daga wata amarya a Kaduna.

AMSA: Amarya abu uku ne, ki duba wanne ne naki. Ko kuka ta yi kaɗan, dan ita da ruwan kanwa su suke riƙe ƙullun, ko kin kwaɓa shi da ruwa ruwa, ko kuma kin fara jefawa ruwan bai tafasa ba. Ƙullun ya zama in kin ɗebo da yatsu yana danƙo yana bin hannu ba ya zuba. In garin wake zalla ne ki haɗa shi da garin alabo ko fulawa. Ki bari ruwa ya tafasa sosai sannan ki jefa ƙanana ƙanana, kar ki sa ludayi ki juya da wuri, ki bari su taso sama da kansu, kar kuma ki rufe tukunyar ruf dan zai yi kumfa ya zubo. Bayan sun taso ki ba su kamar minti goma, ki ciro ɗaya ki raba shi biyu, in cikin ya nuna babu fari fari sai ki tsame su a ruwan sanyi ki tsane, ki zuba mai da yaji da zafinsa.