Tambaya da Amsa: Adana Kayan Miya da Kayan Marmari a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan sayo tumatir da tattasai da alayyahu ranar kasuwar Kawo, amma kafin kwana uku sun fara ruɓewa. Muna da firji, sai dai wuta ba ta zama. Yaya zan yi? (Wata uwargida daga Rigasa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da kin dawo gida ki zazzage kayan daga leda, domin leda tana tara gumi, kuma danshin nan shi ne mafarin ruɓa. Ki tsince duk wanda ya fashe ko ya yi tabo ki yi miyar yau da shi. Kada ki wanke sauran sai za ki dafa. Ki jera tumatir a faifai layi ɗaya, wajen da aka tsinko shi yana kallon ƙasa, a inuwa mai iska. Ba ya ma son sanyin firji, musamman wanda bai gama nuna ba, ɗanɗanonsa yakan mutu.

Ga wanda wuta ba ta zama masa, shawararmu ita ce randa cikin randa, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki samu randunan ƙasa biyu, babba da ƙarama, tazarar da ke tsakaninsu kamar faɗin yatsu uku. Ki zuba yashi a gindin babbar yadda bakunansu za su daidaita, ki cike tsakanin da yashin rafi, ki jiƙa shi sharkaf amma kada ruwa ya kwanta. Ki sa kayan a ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, shi yake janye zafin ciki. Don haka a ƙara ruwa safe da yamma, a ɗora randar kan duwatsu uku inda iska ke kaɗawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa ta a lungun ɗakin girki, ko shafa wa babbar fenti ko siminti, sai ƙofofin jikinta su toshe. Tana aiki sosai a hunturu da bazara; a tsakiyar damina, wajen Agusta, iska cike take da danshi, sanyin nata kaɗan ne.

Alayyahu kuwa a cire ruɓaɓɓen ganye, a naɗe shi a tsumma mai ɗan laima, a sa shi a saman sauran kayan.

Tambaya: Me ya sa in na haɗa ayaba da mangwaro da kokwamba a kwando ɗaya sai kokwambar ta yi rawaya? (Wani magidanci daga Kakuri)

Amsa: Malam, ayaba da mangwaro da gwanda da tuffa suna fitar da wata iska mai suna etilin idan suna nuna, ita ke tsufar da abin da ke kusa da su. Kokwamba da latas da kabeji ba sa jure ta, karas ma ɗaci yake yi. Ka raba su. Haka albasa da dankalin turawa: albasa tana son bushewa da iska, a rataye ta a buhun raga, dankali yana son duhu da sanyi. In haske ya mayar da dankali kore, a fere wajen da kauri, in koren ya yi yawa a zubar, akwai guba a cikinsa.

Tambaya: Lokacin arahar tumatir nakan markaɗa shi da attaruhu da albasa in dafa in ɗura a kwalba, amma wasu kwalaben suna kumfa. (Wata mai abincin sayarwa daga Tudun Wada)

Amsa: Malama, duk kwalbar da ta yi kumfa ko murfinta ya kumbura, zubar da ita ba tare da ɗanɗanawa ba. Attaruhu da albasa ba su da tsami, suna ba ƙwayoyin cuta masu haɗari damar rayuwa a rufaffiyar kwalba. Ki ɗura tumatir zalla. Ki tafasa kwalabe da murafu, ki zuba ruwan lemon tsami cokali 2 na cin abinci a kowace lita, ki ɗura markaɗen da zafinsa, ki bar sarari kamar faɗin yatsa ɗaya a sama. Bayan kin rufe, ki jera kwalaben a tukunya kan tsumma, ruwa ya shanye kansu, su tafasa minti 50. Attaruhu da tattasai ki yanka ki shanya su daban a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, sai sun bushe ƙayau suna karyewa a hannu kafin ki ƙulle su.