Muna Zaune a Ƙasar Waje, Za Mu Iya Ɗaukar Yaro Riƙo a Can?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a wata ƙasa da ba tamu ba, aiki ne ya kai mu, kuma takardar izinin zama kawai muke da ita. Allah bai ba mu haihuwa ba, mun kuma yanke shawarar ɗaukar yaro daga gidan marayu a nan inda muke. Shin doka za ta amince wa baƙi irinmu? Idan aikin ya ƙare, za mu iya komawa gida da shi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya, ya kuma sauƙaƙa lamarin. A ƙasashe da dama baƙunci ba ya hana mutum ɗaukar yaro, domin abin da doka ta fi dubawa shi ne inda mutum ya kafa zamansa na yau da kullum, fasfon da ke hannunsa kuwa yana biyo baya ne. A kan wannan ma'auni aka gina Yarjejeniyar Hague ta 1993 kan ɗaukar yara riƙo tsakanin ƙasashe, wadda ƙasashe sama da 100 suka shiga, kuma tana aiki ne idan za a ɗauke yaro daga ƙasar da yake zaune zuwa wata. Tun da ku da yaron kuna ƙasa ɗaya, galibi dokar cikin gida ta wannan ƙasa ce za ta yi hukunci a kanku. A Ingila, alal misali, dokar 2002 ta yarda ma'auratan da suka kai shekara 21 su nemi riƙo idan dukansu sun yi aƙalla shekara ɗaya suna zaune a ƙasar, ko da ba 'yan ƙasa ba ne. A Indiya kuwa, hukumar da ke kula da lamarin, wato CARA, takan nemi baƙo ya kawo takarda daga ofishin jakadancin ƙasarsa da ke nuna ba ta da ja a kan riƙon. Amma idan zaman naku na ɗan lokaci ne, hukuma tana iya cewa har yanzu ƙasarku ta asali ce mazauninku, sai ta mayar da ku can ku faro neman daga tushe.

Binciken da za a yi muku ba na wasa ba ne. Ma'aikaciyar walwalar yara za ta zo har gida, ta duba ɗakin da yaron zai kwana, ta tattauna da ke ita kaɗai sannan da maigida shi kaɗai, ta tambayi yadda kuka ji da rashin haihuwar da kuma wanda zai kula da yaron idan ɗayanku ya kwanta ciwo. Za a nemi rahoton likita, da shaidar abin da kuke samu, da takardar 'yan sanda, wani lokaci daga kowace ƙasa da kuka taɓa zama.

Tambayarki ta biyu ce ta fi nauyi a wurina, kuma a nan ne mutane suka fi shiga uku. Hukuncin kotun ƙasar da kuke ciki yana mayar da yaron naku ne a idon wannan ƙasa, amma ba ya tilasta wa ƙasarku ta amince da shi, ba ya kuma ba yaron fasfonku. Riƙon da aka yi ta hanyar Yarjejeniyar Hague yana zuwa da takardar shaida wadda sauran ƙasashen da ke cikinta suke karɓa, shi kuwa riƙon cikin gida ba shi da wannan gata, sai ƙasarku ta duba shi da tata dokar. Haka ake samun iyaye da hukuncin kotu a hannu, kwantiragin aiki ya ƙare, izinin zamansu yana dab da ƙarewa, yaron kuma ba shi da bizar bin su. Saboda haka shawarata ita ce ku fara zuwa ofishin jakadancinku tun kafin ku sa ido a kan wani yaro, ku nemi a rubuta muku ko za a karɓi hukuncin, da yadda yaron zai shiga ƙasarku, da ko zai zama ɗan ƙasa. Bayan haka ku samu lauyan da ya san dokar iyali da ta shige da fice.

Akwai kuma batun addini, wanda yake shafar dokar kai tsaye. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu na asali, shi ya sa kotunan ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya suke bayar da kafala: ku ɗauki nauyin yaron da tarbiyyarsa, nasabarsa kuma tana nan yadda take, ba ya gadonku sai dai ku yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala a sashe na 20, amma ƙasashen Yamma da yawa ba sa ɗaukarta daidai da cikakken riƙo, wato wanda yaron yake zama kamar ɗan cikinku a idon doka. A 2012 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta goyi bayan Faransa, wadda ta ƙi mayar da kafalar wata yarinya 'yar Aljeriya zuwa cikakken riƙo. Ku san irin hukuncin da za a ba ku, ku kuma tuntuɓi malamin da kuka amince da shi.

Ga masu karatu da ke tunanin ɗauko ɗan ɗan'uwa daga gida su kai shi inda suke zaune, wannan ya fi wuya. A Amurka, hanyar shigo da maraya ta 'yan ƙasa ce kawai. Mai takardar zama ta dindindin sai ya kammala riƙon kafin yaron ya cika shekara 16, ya kuma zauna tare da shi shekara biyu a ƙarƙashin kulawarsa ta doka. A Ingila laifi ne a shigo da yaro domin riƙo ba tare da an tantance mutum ba. Wasu ƙasashen ma sun rufe ƙofa ga masu fitar da yara, kamar Habasha a 2018 da Sin a 2024.

Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku jariri a asibiti, ko ya sa sunanki a takardar haihuwa a matsayin mahaifiya, ku guje shi, domin wannan safarar yara ce, kuma idan asiri ya tonu yaron ake fara ƙwacewa. Ku bi hukumar gwamnati ko ƙungiyar da ta yi wa rajista, ku karɓi rasit na kowane kuɗi, ku adana takardar haihuwar yaron ta asali da duk bayanin da aka ba ku game da danginsa, domin ofishin jakadanci zai neme su ranar da kuka je neman biza.