An ce na ɓata hotona da kala: wa zan saurara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Tudun Wada, Kaduna, da waya nake ɗaukar hoto. Mu goma ne muke fita ranar Asabar, in mun dawo mu nuna wa juna abin da muka samo. Kwanan baya na ɗauki kogin Kaduna daga bakin wurin shaƙatawa na Gamji da almuru, na gyara shi da manhajar Snapseed. Mutum takwas suka ce Masha Allah, ɗaya ya ce kala ta yi yawa, na ɓata shi. Raina ya sosu. Wa zan saurara? Ni ma in an nuna mini hoto na kan rasa yadda zan faɗi kuskure ba a ji haushi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wanda ya sosa maka rai ɗin nan shi kaɗai ne ya kalli hoton. Sauran takwas ɗin kai suka kalla, suka yi maka fatan alheri. Ba laifi ba ne, sai dai Masha Allah ba ta gaya maka abin da za ka sauya Asabar mai zuwa. Shi ma mai gyaran rabin aiki ya yi. Kala ta yi yawa a ina? A sararin sama, ko a ruwan, ko a ganyen bishiyoyin bakin gaɓa? Da ka danne zuciya ka tambaye shi wannan, da ka ƙaru.

Ban ga hoton ba, amma na ga irinsa ba adadi. Madannin ƙara kala yana ɗaga duk launuka ne a tare, kuma da almuru ja ya riga ya kusa cika ma'auni. A hoton JPEG, wato irin fayil ɗin da waya ta saba ajiye hoto, ja da kore da shuɗi kowanne matakai 256 gare shi, daga 0 zuwa 255. Da zarar ja ya buge 255, gajimaren da ke da laushi da inuwa sai ya koma kamar an shafa fenti a bango. Ruwan kuma, kowa a garin nan ya san kogin Kaduna da damina launin ƙasa yake saboda laka. In ka mayar da shi shuɗi kamar teku, ɗan Kaduna zai ji a jikinsa an yi masa ƙarya, ko da bai iya faɗin inda take ba. Lokacin hunturu jarabar ta fi ƙarfi, domin hazo na dusashe komai sai hannu ya yi ta ƙaiƙayi, alhali hazon nan shi ne kyan hoton.

Nan gaba kada ka tura hoto tsura ka zauna jiran yabo. Haɗa na asali da wanda ka gyara, ka faɗi nufinka: "Shirun wurin nake so a ji, kun ji shi kuwa?" Tambaya guda tak. Kuma ka tura shi a matsayin fayil, don WhatsApp na matse hoto in an tura shi yadda aka saba, sai a yi ta sukar abin da ba kai ka ɓata ba. Fuskar waya ma ta bambanta. Abin da ya yi daidai a taka yana iya ƙuna a ta wani.

Batun yi wa wani gyara, abin da ya fi yi mini amfani shi ne raba kuskure gida biyu: wanda za a iya gyarawa yanzu a waya, da wanda sai an koma an sake ɗauka. Wani yaro ya taɓa nuna mini hoton mahaifinsa bayan saukowa daga idi, dattijo cikin farar shadda, rana ta take. Aikin zaren da ke ƙirjin babbar rigar ya ɓace, fari fat kawai, ga turken wutar lantarki ya tsiro daga tsakiyar hularsa. Sai da na fara gaya masa abin da ya dace, kuma gaskiya ce: ya kama murmushin dattijon daidai lokacinsa, wannan ba a koyar da shi. Sannan na ce hoton ya ɗan karkace, juya shi kaɗan, minti ɗaya ne. Amma aikin rigar ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. In an sake, ya kai Baba inuwar darbejiya, ya taɓa rigar a fuskar wayar ya ja haske ƙasa, ya matsa taku biyu gefe turken ya fita. Bai ji haushi ba, domin an ba shi abin yi. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abu biyu ne ba na so a tsakanin masu koyo. Na farko, mutum ya ɗauki hoton wani ya sake gyara shi yadda yake so ya dawo da shi ba tare da izini ba. Tambayi mai shi tukuna. Na biyu, mayar da layukan ragar nan da ke raba fuskar kyamara gida tara su zama sanda. Ajiye abu a mahaɗar layi na taimakawa, amma wanda ya tsaya daidai gaban Lugard Hall, ginin majalisar dokokin jihar Kaduna, ya sa kubbar a tsakiya bai yi zunubi ba. Ginin ne ya nemi haka. Fatar mutum kuwa, in ka ga an wanke ta ta yi fari sumul har ba a gane mai ita, faɗa wa wanda ya gyara hoton, amma ku biyu, ba a gaban jama'a ba.

Ka koma wa hotonka na asali, ka gyara shi da rabin kalar da ka sa, ka bar shi ya kwana, da safe ka jera su ka duba. Sannan ka aika wa wancan abokin naka duka biyun, ka ce ya nuna maka da yatsa inda idonsa ya fara sauka.