Gwamnati ta gina masana'anta ko ta bar wa 'yan kasuwa?

Malam, ka tambaya ko gwamnatin ƙasa mai tasowa ta kafa masana'antu da kanta ne ko ta bar wa 'yan kasuwa. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Abin dubawa shi ne sharaɗin da ake gindaya wa mai cin tallafi, da ko akwai mai ƙarfin halin janyewa idan ya gaza.

Dubi Koriya ta Kudu. A 1961 gwamnatin Park Chung-hee ta karɓe bankunan kasuwanci, sai rance mai sauƙin ruwa ya koma hannunta. A wancan zamanin kamfani zai samu rancen, a kuma tare masa kayan waje, amma dole ya cika adadin kayan da aka ɗora masa ya fitar ƙetare. Duk wata ana zaman bitar alƙaluma, shugaban ƙasa da kansa ke jagoranta. Dabarar ke nan: a kasuwar gida da aka kulle ko tarkace ka kawo za a saya don dole, amma ɗan kasuwar Amurka ko Jamus ba ya sayen kaya don kunya.

Kamfanin ƙarfe na Koriya, POSCO, asalinsa na gwamnati ne. An kafa shi a 1968, Bankin Duniya na ganin aikin ba zai biya ba, aka gina shi da kuɗin da Japan ta bayar bayan yarjejeniyar daidaita dangantakar ƙasashen biyu ta 1965. Ya fara aiki a 1973 da kimanin tan miliyan ɗaya a shekara. A bakin teku aka dasa shi, a Pohang, domin tama da gawayin kwal duk ta jirgin ruwa suke zuwa. Kowane tan na ƙarfe yana cin kusan tan ɗaya da rabi na tama, ban da kwal da farar ƙasa. Tanderun narka tama kuwa ba a kashe shi a kunna gobe. In an hura shi, shekaru zai yi yana ci dare da rana, in kaya suka yanke ya huce, narkakken ƙarfen ya daskare a ciki, gyara sai an sha wuya. Shi ya sa tashar jiragen ruwa da layin dogo da wuta suke riga tanderu, masu saye kuma, masu ƙera jirage da motoci, suna jira a ƙofa.

Inda ake tafka asara shi ne kariyar da ba a auna ta da komai. Indiya ta fara ƙera motar Ambassador a 1958, ta yi shekaru da dama kusan da siffa ɗaya, tunda babu mai ƙwace mata kasuwa. Brazil ta keɓe kasuwar ƙananan kwamfutoci ga kamfanonin gida da dokar 1984, sauran masana'antun ƙasar suka riƙa sayen na'urori masu tsada da suka tsufa, fasa-ƙwauri ya yi kasuwa, har aka kawo ƙarshen tsarin a 1992.